Tsire Buƙata Ne, Ranka Ya Daɗe

A shekararmu ta biyu a jami'a, wato 2024, aka ɗora mana wani kwas na dole kan tattalin kuɗi. Malamin dattijo ne mai farin gilashi, irin mutanen da ko murmushi sai sun yi lissafi kafin su sake shi. Ranar farko ya rubuta 50, 30, 20 a allo. Ya ce rabo ne da Elizabeth Warren, wadda daga baya ta zama sanata a Amurka, ta yaɗa a wani littafi da suka rubuta ita da 'yarta a 2005: rabin abin da ya shigo hannunka na buƙata ne, kashi 30 na sha'awa, kashi 20 na ajiya. Sai ya ba da aiki: kowa ya rubuta duk kwabon da ya kashe har kwana talatin, da lokaci da dalili, sannan ya yi sharhin shafi biyar a kan halinsa da kuɗi. Maki talatin.

Na ce a raina wannan maki ne na bagas. Baba yana turo min naira 30,000 duk wata, ka ga 15,000 da 9,000 da 6,000 ke nan. Ko ɗan firamare zai raba.

Ina fita daga aji na sayi littafi mai kwali, da biro ja da shuɗi, da rula, don aikin ya yi tsari. Na ƙara da asusun ƙasa mai ƙaramin baki. Kafin la'asar, tattali ya ci min naira 3,000. Na zuba su duka a layin buƙata.

A nan rigimar take, domin baiwar Allah da ta yi rabon nan ba ta taɓa giftawa ta gaban mai tsire bayan sallar isha'i ba. Garin kwaki buƙata ne, babu gardama. Kuɗin adaidaita ma haka, musamman tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama buƙata mai cizo. To, tsire fa? Na tsaya a gaban tukuba, hayaƙi yana kaɗo min ƙamshin ƙuli da yaji, kitse yana ɗiga a garwashi yana cuu, ni kuma ina ta nazari kamar alƙali. Daga ƙarshe na tuna tun muna sakandare aka ce jiki ba ya ginuwa sai da nama. Shari'a ta ƙare. Buƙata.

Akwai kuma wata 'yar ajinmu da ke zama a layi na biyu, wadda hira da ita ke cinye min data da katin waya. Sunanta ba zai shiga littafin da Malam zai duba ba. Na sa mata "bincike".

Na kuma ƙirƙiro dabara tawa ta kaina: kada in riƙe kuɗi da yawa a aljihu, in riƙa cirar kaɗan-kaɗan. Duk cira mai POS yana yankar naira 100. Na je sau goma sha huɗu. Tun a zuwa na biyar ya fara kirana Alhaji, ni kuwa ina jin daɗi.

Asusu dai na cika masa alkawari, na cusa 6,000 na ɓoye shi ƙarƙashin gado. Abokin ɗakina ɗalibin tattalin arziki ne, kuma kunnensa ya fi na kura jin motsin nama. Ya zaunar da ni ya ce hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar, wanda gaskiya ne. Kuɗin da aka kulle a tukunya narkewa yake kamar ƙanƙara a rana, wanda shi ma gaskiya ne. Don haka gara in ara masa zuwa Juma'a. Da mutum ya jero maka gaskiya biyu, ta ukun ba ka tsayawa dubawa. Da hannuna na fasa asusun. Ban tambaye shi wace Juma'a ba.

Sai ga bikin ɗan kawuna, anko da gudummawa. Na juya littafin sama da ƙasa ban ga layin zumunci ba. In ka ce sha'awa ne, dangi su ji. In ka ce buƙata ne, Malam ya ji. Na kira Inna, wadda ta yi shekara da shekaru tana riƙe adashen matan unguwarmu ba ta taɓa rubuta ko harafi ba, kuma kwabon kowa bai taɓa ɓata ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Yanzu kuɗin makarantar da ake biya maka na koyon wannan ne?"

Rana ta goma sha tara kuɗi ya ce ga garinku. Sauran kwana goma sha ɗaya mai shayin bakin hostel ne ya riƙe ni, shi ma da nasa littafin, wanda ya fi nawa tsari nesa ba kusa ba.

Da lokacin miƙa aiki ya yi, na zauna na tsara wani sabon mutum: ba ya cin tsire, ba ya kiran kowa, ya ajiye 6,000 cif. Na buga shi a kwamfuta, aka yi masa bango mai sheƙi, na ranto kuɗin aikin a wurin mai shayi.

Malam ya shigo ya ce kowa ya ajiye bugaggen, ainihin littafin yake so. Nawa ya fara ɗagawa, saboda kwalinsa ya fi na kowa kyau.

"Rana ta shida, tsire, 1,500, buƙata. Tsire buƙata ne?"

"Ranka ya daɗe, sinadarin gina jiki ne."

"To, Allah ya gina. Rana ta takwas, bincike, 1,000, sha ɗaya da minti arba'in na dare. Rana ta tara, bincike. Rana ta goma, bincike. Ma sha Allah, muna da manazarci." Ya buɗe shafi na gaba, ya zare gilashi, ya goge, ya mayar. "Rana ta goma sha uku, bincike, kaza rabi da lemo biyu. Malam, binciken naka har kaza yake ci?"

Aji ya kaure. A layi na biyu kuwa na ga an ja hijabi an rufe fuska. Bayan an tashi ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ashe ni bincike ce?" Tun daga ranar ba ta sake ɗaga wayata ba, abin da ya sa a watan da ya biyo baya, karo na farko, kuɗina ya kai rana ta ashirin da shida.

Malam ya ba ni 21, ya rubuta da jan biro cewa na littafi mai kwali ne, bugaggen bai ci ko ɗaya ba. Mai shayi na biya shi a wata biyu. Abokin ɗakina kuwa, Juma'ar da ta wuce na tuna masa. Ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, ai 6,000 ɗin nan yanzu darajarta ba ta kai a yi faɗa a kanta ba.