Jinjina ga Masu Sa Hannu

Allah ya ja zamanin masu duba takardun gini a birnin Kano! Gaishe ku zakunan ofis, giwayen tebur, gagara badau na bakin fayil, masu alƙalamin da ya fi gatari kaifi, masu hatimin da in ya sauka a kan takarda sai ƙura ta tashi a bayan gari. An daɗe ana yi wa sarakuna da attajirai kirari, an manta da waɗannan bayin Allah da aka ɗora wa nauyin tantance duk ginin da zai taɓa kayan tarihin birni, alhali abin da suka gama cikin 'yan shekaru ya gagari mayaƙa, ya gagari daminar shekara ɗari tara.

A duba girman abokin karawarsu. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwar Kano. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Kwararrafawa sun zo sun tafi, tana nan. Turawa sun zo da igwa a 1903, iyakar abin da suka iya shi ne su samu kafar shiga, har shugabansu Lugga da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Sai ga mazajen duniya, ba kibiya ba bindiga, daga kan kujera mai juyawa, a ƙarƙashin fanka, suka mai da ita fuloti fuloti. Wane jarumi ne a tarihin ƙasar Hausa ya taɓa cin gari ba tare da rigarsa ta yamutse ba?

Babbar baiwarsu ita ce sauri. A wasu ƙasashe, inda ragwanci ya yi wa mutane katutu, sai a ɓata watanni ana aune-aune, ana kiran masu tonon tarihi, ana tara jama'ar unguwa a ji ta bakinsu, kafin a taɓa tubali ɗaya. Namu sun fi ƙarfin wannan wahala. Sun gano cewa shawara ta fi daɗin yankewa bayan katafila ta gama aikinta, domin a lokacin babu sauran abin da za a yi gardama a kansa. Ranar da kwamiti zai zauna, bene ya kai hawa biyu, an shafa fenti, mai shago na farko ya biya kuɗin shekara. Sai a buɗe taro da addu'a, a sha ruwan roba, a sa hannu, a karɓi alawus, a rufe da addu'a. Ba a taɓa jin an ɗaga murya ba. Ina ma sauran majalisun ƙasar nan za su koyi irin wannan zaman lafiya!

Ga kuma kunya da ladabi. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana kallon ganuwa ido da ido, malaman tarihi a cikin jami'ar sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kan binciken wannan birni, amma masu sa hannu, saboda tsananin girmama ilimi, ba sa yarda su katse musu karatu da tambaya. Haka suke tausaya wa tsofaffin magina, masu sanin jar ƙasa da makuba da azara, ba sa wahalar da su da gayyata. Kai, ita kanta ganuwar ba sa zuwa su dame ta da kallo. Taswira ta ishe su, ita kuwa taswira, mai biyayya, duk inda aka nuna mata da yatsa sai ta ce fili ne.

Doka ma ta ga gata a hannunsu. Tun 1959 aka sanya ganuwar Kano cikin kayan tarihin ƙasa, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kuma ta hana a taɓa irin waɗannan wurare sai da izininta. Wasu da sun yi ta jan wannan doka suna amfani da ita har ta tsufa. Su kuwa sun adana ta kamar kayan lefen da uwa ta kulle a akwati, ko ninkinta bai warware ba.

Wa zai manta da karamcin da aka yi wa Ƙofar Na'isa? Shekaru aru-aru tana tsaye da ƙasarta, tana tare wa motoci hanya. A 2010 aka hutar da ita domin faɗaɗa titi, aka gina mata magajiya ta siminti, santaleliya, mai sheƙi, aka kuma bar mata sunan. Yanzu Kano tana da tsohuwar ƙofa sabuwa fil, abin da ko Masar ba ta iya yi wa dalarta ba. Mutanen Agadas, bayin Allah, har yau suna nan suna fama da yaɓen hasumiyar masallacinsu da hannu, kuma duk ladan da suka samu shi ne UNESCO ta sanya tsakiyar birninsu cikin kayan tarihin duniya a 2013. Mu tun 2007 sunan ganuwarmu yake cikin jerin masu jira, masu sa hannu kuwa, saboda karrama baƙo, suna ta rage wa masu zuwa dubawa tsawon tafiyar ƙafa. In Allah ya yarda, ranar da za su iso, a tsaye wuri ɗaya za su gama aikin.

Kududdufan birni, waɗanda aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, su ne suke shanye ruwan sama tun zamanin kakanni. An cike da yawa daga cikinsu, an yanka, an sa hannu. Ga sakamako nan kowa yana gani: gwamnatoci sun sha yin alkawarin kai ruwa gida gida, amma a watan Agusta kaɗai ake cika shi, har cikin ɗaka, har ƙarƙashin gado, ba mita ba takardar biya.

Adalcinsu kuwa ba ya karkata. Filin Idi na Ƙofar Mata shaida ne. Aka ba da izini aka gina shaguna a cikinsa, a 2023 aka rushe su, kotu ta ce a biya 'yan kasuwa diyyar naira biliyan 30. Izinin gini daga ofisoshin gwamnati ya fito, umarnin rusau ma daga can. Mai gini ya samu, mai katafila ya samu, lauya ya samu, talaka mai biyan haraji kuma ya samu darajar ɗaukar nauyin kowa. Kuma idanunsu masu kaifi ba sa kuskuren bambancewa: in talaka ya ɗebi kwando ɗaya na ƙasar badala don ya toshe katangarsa, wannan ɓarna ce, in babban mutum ya share taku ɗari ya kafa gidan mai, wannan ci gaba ne.

Masu hassada suna cewa yaron da aka haifa yau zai girma yana jin Ƙofar Waika da Kansakali da Dukawuya a bakin direban adaidaita sahu, ba tare da ya san sun taɓa zama ƙofofin wani abu ba. To, ai sauƙi aka yi masa, an rage masa abin haddacewa.

Ranku ya daɗe, aiki bai ƙare ba. Ramukan marinar Ƙofar Mata suna nan a bakin titi, wurin da zai ɗauki shaguna masu yawa. Lungunan Kasuwar Kurmi har yau mota ba ta shiga. Ga dutsen Dala can a tsakiyar birni, ya danne fili mai tsada, ba ya biyan haya, ba shi da takardar mallaka. Muna roƙo, don girman kujerunku, a aiki masinja ya kawo fayil ɗinsa kafin ƙarshen shekara.