Kalmar Sirri a Hannun Mutanen Kirki

A Birtaniya da Amurka, gidajen kula da tsofaffi masu yawa na ƙungiyoyin addini ne. Ɗarikar Methodist ta kafa nata a Birtaniya tun 1943, Katolika kuma suna da gidajen da suka samo asali daga aikin da Jeanne Jugan ta fara a Faransa a 1839. Bayan da Birtaniya ta buɗe bizar aikin kula da tsofaffi a 2022, 'yan Najeriya da Gana da dama sun shiga irin waɗannan gidaje da aiki. Kusan kowane gida yana da abu biyu: 'yar mujallar labaran ma'aikata, da kwamfuta a ɗakin masu jinya wadda ke riƙe da jadawalin magani, da lambobin 'yan uwan tsofaffi, da bayanan albashi. Idan aka yi wa kwamfutar kutse, sai a ɗora laifin kan sakarcin ma'aikaci. Ni dai a ganina sakarci bai kai rabin labarin ba. Halayen da ake nema a wajen mai wanke tsohuwa da ƙarfe uku na dare, wato tausayi da yarda da mutane da biyayya, su ne ainihin abin da ɗan damfara ke farauta.

A fara da Editar mujalla, wadda galibi sakatariya ce da aka ƙara wa aiki ba tare da ƙarin albashi ba. Ita ba ta san wani abu wai shi sirri ba, domin a wurinta ɓoye abin farin ciki rowa ne. Wance ta cika shekara 50 ranar kaza, ga hotonta da kek. Wane ya samu jika, ga sunan jaririn. Karen mai dafa abinci ya mutu, ga sunansa, a yi masa jaje. An ɗauki sabon akanta, zai fara ranar Litinin, shugabar gida kuma za ta tafi hutun mako biyu. Daga nan sai a ɗora mujallar a shafin gidan da Facebook don masu ba da gudummawa su gani. Wanda ya karanta fitowa uku a jere ya samu ranar haihuwa da sunan dabba da sunan makarantar firamare, waɗanda su ne tambayoyin da shafuka ke yi wa wanda ya manta kalmar sirrinsa. Ya kuma san wane ne sabon shiga da bai gane muryar kowa ba tukuna, da makon da shugaba ba ta nan balle a leƙa ofishinta a tambaye ta.

Maƙwabcinta a wannan jeri shi ne Mai Aya. Shi ya ji an ce a haɗa haruffa da lambobi, sai ya tuna ai littafi mai tsarki cike yake da irin wannan haɗi, ya ɗauko sunan Yohanna ya liƙa masa 316, ya koma kujera yana jin asusunsa ya samu tsari biyu, na fasaha da na sama. Bai san rabin ma'aikatan gidan sun yi wannan dabarar ba, kuma masu kutse suna da jerin irin waɗannan kalmomi da manhaja ke gwadawa cikin daƙiƙoƙi. Kada abokin aikinsa Musulmi ya yi dariya, domin shi ma sunan ɗiyarsa ne da shekarar da ya je Makka. Duk da haka su biyun sun fi jama'a ƙoƙari: a 2019 hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta bayyana cewa asusu miliyan 23.2 da aka yi wa kutse a duniya 123456 ce kalmar sirrinsu, kuma a cikin sunayen ƙungiyoyin ƙwallon Firimiya, Liverpool ce aka fi amfani da ita. Ko a nan ma sun ɗauki kofi.

Sai Uwar Karamci, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan kuma ta fi kowa farin jini. Ma'aikaciyar wucin gadi ta zo aikin dare, ba a buɗe mata asusu ba, ga tsoho yana jiran maganin hawan jini. Uwar Karamci ba za ta tsaya kallo ba. "Yi amfani da nawa, 'yata," in ji ta, har ta rubuta mata a bayan hannu. Bayan shekara guda mutum fiye da goma suna shiga da sunanta, ciki har da biyu da suka bar aiki. A rajistar kwamfuta kuwa ita kaɗai ce ke ba da magani safe da rana da dare, har ranar da take kwance a asibiti. Da ta gaji da maimaitawa sai ta rubuta kalmar a 'yar takarda ta manna a gefen allon kwamfutar, daidai inda mai kawo madara da baƙin ranar Lahadi ke wucewa. Kafin a zarge ta, a tambayi wanda ya bar ma'aikaciya ta kama aiki ba asusu. Tsakanin dokar ofis da tsoho mai jiran magani ta zaɓi tsohon, kuma duk gidan da ya ɗauki wadda za ta zaɓi dokar ya yi asarar albashin da ya biya ta.

Wanda ya fi ba da tausayi shi ne Mai Biyayya. Saƙo ya shigo wayarsa da sunan limamin cocin da ke kula da gidan: yana cikin taro, ba zai iya amsa waya ba, yana buƙatar katunan kyauta na sayayya don wata mara lafiya, a saya a turo masa lambobin, kuma kada a faɗa wa kowa domin sadaka ce. Kowace jimla a saƙon an auna ta da halin mutumin da aka raina kan cewa ba a yi wa malami gardama, kuma sadakar ɓoye ta fi lada. Wannan damfara ta yi yawa har hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta a 2019. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya san ƙanwarta: wanda ke kira ya ce daga ƙungiyar masallaci ko ta tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet, a karanto masa lambar da ta shigo waya, kafin la'asar WhatsApp ɗinka yana roƙon kuɗi a wajen surukanka.

Mai Tawakkali ba ya buƙatar dogon bayani. Gidan Allah ne, in ji shi, wa zai taɓa shi? Kishiyarsa Mai Zargi kuwa, tun da aka yi musu bita ta awa ɗaya, ya daina buɗe kowane imel, har takardar albashinsa da sanarwar sauyin maganin wata tsohuwa. Shi kaɗai ne ba a taɓa damfara ba, kuma shi kaɗai ne ba a iya aiki da shi.

Za a ce, ai maganin duk wannan horo ne, wanda ya ƙi ji a sallame shi. Horo yana da amfani, amma hujja ba ta goyi bayan dogaro da shi kaɗai ba. A watan Mayun 2024 aka yi wa Ascension kutse, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin asibitocin Katolika a Amurka, mai asibitoci kusan 140 a lokacin da gidajen tsofaffi. Ƙungiyar da kanta ta ce wani ma'aikaci ne ya sauke fayil mai cuta bisa kuskure yana zaton na gaskiya ne. Masu jinya suka koma biro da takarda, aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya, bayanan mutum kusan miliyan 5.6 suka fita. A Ailan ma, kutsen da ya durƙusar da hukumar lafiyar ƙasar a Mayun 2021 ya fara ne da fayil ɗin Excel da wani ya buɗe a imel tun watan Maris, ɓarayin suka yi kusan wata biyu a ciki kafin su tayar da bam ɗinsu. Waɗannan wurare suna da sassan kwamfuta da kasafin da ƙaramin gidan tsofaffi ba zai taɓa gani ba. Idan dannawar mutum ɗaya cikin dubbai ta isa ta rushe komai, ginin ne ba shi da ginshiƙi. Wannan kuma ya amsa wa Mai Tawakkali tambayarsa: manhajar da ke watsa saƙon damfara ba ta karanta allon da ke ƙofar gida.

Wani zai ce to a tsaurara doka, kuma a nan ne na ƙarshe a jerin zai miƙe, wato Jami'in Kwamfuta, mai zuwa sau ɗaya a wata da jaka a kafaɗa. Shi ne ya wajabta sauya kalmar sirri kowane wata uku, da babban harafi da alama da lamba, kuma shi ne mahaifin takardar da ke manne a allon Uwar Karamci, ko da yake ba zai amsa cewa 'yarsa ce ba ko a gaban alƙali. Wannan ƙa'ida ta fito ne daga wata takardar hukumar ma'auni ta Amurka ta 2003, kuma marubucinta Bill Burr ya ce a 2017 ya yi nadamar yawancinta. A shekarar ce hukumar ta janye shawarar tilasta sauyi a kai a kai, tunda abin da mutane ke yi shi ne mayar da 1 ta koma 2. Hukumar Birtaniya kuwa shawararta a haɗa kalmomi uku da ba su da alaƙa da juna, abin da mai aikin dare zai iya riƙewa a ka.

Rufe mujallar ma ba mafita ba ce. A aikin da albashinsa kaɗan ne kuma ake yawan jana'iza, ganin sunanka a shafi na biyu yana cikin abin da ke hana mutum ajiye aiki. A bar Edita ta taya murna, a cire shekara da ranar haihuwa, a daina shelar tafiyar shugaba sai ta dawo, a raba mujallar cikin gida ta bar shafin duniya. Sauran gyaran na hukumar gudanarwa ne: kowane ma'aikaci ya samu asusunsa tun ranar farko, a rufe na wanda ya tafi a ranar da ya tafi, a sa tabbatarwa mataki biyu a imel, limami da shugaba su sanar da bakinsu cewa ba za su taɓa neman kuɗi ta saƙo ba, kuma wanda ya danna abin da bai kamata ba ya iya faɗa nan take ba tare da tsoron kora ba. Masu riƙe da amanar waɗannan gidaje, ku yi wannan kafin ku sake kiran Uwar Karamci ofis.