Alhaji Mai Gidaje

A Ƙofar Taramniya, jarin matashi mai harkar gidaje benci ne da waya. Da dillanci yake farawa, yana tara la'ada har ya sayi kangon gado. Ranar biya magada huɗu ne. Ranar da aka sauke yashi sai su koma goma sha biyu, har da wani baffa daga Maraɗi. Ya lallashe su, ya nufi siminti: nan Kalambaina ake yin sa, amma farashin sai ka ce daga Makka aka yi dakonsa. Sannan dokar filaye ta 1978 ta tuna masa ƙasar tana hannun gwamna.

Unguwa dai ta riga ta naɗa shi Alhaji Mai Gidaje, masu neman rance sun fara sallama. Gidan kuwa har yau ba rufi.