Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Ma Suna Aika Saƙo, Malam Mai Gardama

Na san halinka, Malam. Da an ce ƙwayoyin halittar da ke cikin kanka suna aika wa juna saƙo, sai ka taɓe baki ka ce, "Da wane layi? Wa ke saka musu kati?" To, gyara zama.

A ƙwaƙwalwarka akwai 'yan sintiri da ake kira maikurogiliya. Wani likita ɗan Sifen, Pio del Rio Hortega, ya bayyana su tun 1919, wataƙila kafin a yanke wa kakanka cibiya. Su ba daga ɓargo suka fito ba kamar ƙwayoyin jini. A 2010 bincike kan ɓeraye ya nuna daga jakar gwaiduwar ɗan tayi suke ƙaura su tare a ƙwaƙwalwa, su ci gaba da hayayyafa a can.

Kowace tana da wani kunne mai suna CSF1R, wanda ke karɓar sinadarai biyu, CSF1 da IL-34. Saƙon ɗaya ne: ki rayu. Ka ce tatsuniya ce? A 2014, a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, aka ba ɓeraye maganin da ke toshe wannan kunnen. Cikin mako uku kusan duk 'yan sintirin suka ɓace. Aka janye maganin, kafin mako ya zagayo ƙwaƙwalwar ta sake cika da su. Ba a zuba musu guba ba fa, saƙo kawai aka katse.

Na ji wata Hajiya daga baya tana cewa sai ta gani da idonta. An gani, ranki ya daɗe. A 2005 aka ɗauki bidiyonsu a ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, suna miƙa siraran hannuwa suna janyewa, ba hutu. Da aka yi ɗan rauni da leza, cikin mintuna hannuwan suka nufi wurin, saboda sinadarin ATP da ya tsiyayo daga ƙwayoyin da suka ji ciwo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, natsuwarsu ma sai an umarce su. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa kullum suna rarrashinsu da sinadarai irin su CD200. In rarrashin ya yi rauni, ko cuta ta shigo, sai su fara watsa sinadaran TNF da IL-1, kumburi ya tashi, har ya taɓa jijiyoyin da suka zo karewa. Shi ya sa a wasu nau'o'in sanƙarau likita ke haɗa maganin kashe ƙwayar cuta da na rage kumburi.

Ka ci gaba da gardamarka a majalisa, Malam, ba mai hana ka. Amma in yaro ya tashi da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ka ajiye gardamar, ka ɗauke shi zuwa asibiti a take.