Wasiƙa Zuwa ga Ofishin Ɗaukar Ɗaliban Waje na Jami'o'in Ingila

Ranka ya daɗe,

Ina gajiya, ya sanyi, ya fama da jama'a? Na san barcinka ragagge ne, tunda duniya ta taso maka gaba ɗaya, daga Indiya zuwa Sin zuwa Legas, kowa da fasfo a hannu. Ni baffan wani yaro ne a Kano wanda ya gama sakandare ya kafe shi sai Ingila. Na yi rarrashi, na yi faɗa, da na ga ba sarki sai Allah na sa tabarau na zauna karanta sharuɗɗanka.

Bari in fara da yabo. Littafin tallanka ya yi kyau. Ciyawa kore shar, rana ta haska ko'ina, matasa iri-iri suna dariya a gindin bishiya, ba mai alamar ana bin sa bashi. Waɗanda suka je sun shaida mini cewa a watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi a Landan. Inda ka samo ranar da ke cikin hotunan, kai ka sani.

Da na nutsa cikin karatun sai na gane ashe tsarin naka na neman aure ne. Ta hannun hukumar neman gurbi ta UCAS yaro zai aika gida biyar a lokaci guda, in likitanci yake so huɗu kawai. Oxford da Cambridge ba a haɗa su a shekara ɗaya, kamar dai ya da ƙanwa, kuma wanda bai kai gaisuwa gidajen nan biyu ba zuwa 15 ga Oktoba ya makara. In an amsa, sai a ce an ba shi, amma da sharaɗi. Daga nan sai kuɗin sa rana, wato kafin alƙalamin da ake biya kafin a saki lambar CAS wadda babu biza sai da ita. Bambancin ɗaya ne. A wurinmu waliyyi kan yanke sadaki a gaban shaidu, kowa ya ji da kunnensa, a shafa fatiha a tashi. Kai kuwa naka sadakin gutsure-gutsure yake zuwa, kowane shafi da nasa, ba a sanin jimla sai an riga an sayar da fili.

Sai maganar takardar WAEC. An kafa hukumar nan a 1952, kuna nan kuna mulki, da saninku da hannunku. Yau yaro ya kawo A reras a darussa tara, yawancin jami'o'inka su ce sun gani, Allah ya sa albarka, amma bai isa shiga aji ɗaya ba, sai ya yi shekarar share fage. Na yarda akwai hujja: ɗanku shekara 13 yake yi kafin jami'a, namu 12. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda wannan shekara ɗaya da ta ɓace kullum a shagonka ake samun ta, kuma da farashin baƙo.

To, mu zo kan Turanci, don nan ne na fi son mu fahimci juna. A 1903 kuka shigo Kano da Sakkwato, ba wanda ya aika muku goron gayyata. A 1909 Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. Tun daga lokacin muke fama da harshen nan. Da shi ake shari'a a babbar kotu, da shi ake karanta kasafin kuɗi, da shi malamin firamare yake cin tarar wanda ya yi Hausa a aji. Yaron nan ya sha bulala a kansa fiye da yadda ya sha a kan lissafi. Bayan duk wannan ka dube shi ka ce ya kawo shaida cewa yana jin Turanci. A jerin ƙasashen da hukumarku ta yarda masu Turanci ne akwai Jamaika da Barbados da Guyana, babu Najeriya, babu Gana. Sai ya je ya zauna jarrabawar IELTS, a gwada kunnensa da idonsa da alƙalaminsa da bakinsa, a kan kuɗin da ya ninninka mafi ƙarancin albashin ƙasar nan na naira 70,000. Kuma sakamakon shekara biyu kawai yake yi. Wannan ita ce tambayata, ranka ya daɗe: a daren da shekara biyun ke cika, ina Turancin yake tafiya? Jami'anku na zamanin mulkin mallaka su ma an sa su jarrabawar Hausa, amma babu labarin wani Di'o da Hausarsa ta ƙare aka ce ya sake biya. Jami'o'in da ke karɓar C6 na Turancin WAEC a maimakon wannan, a isar musu da godiyata. Su dai sun tuna wanda ya koya mana.

Akwai kuma takardar bayanin kai, mai haruffa 4,000, wadda ga masu shiga daga 2026 aka raba ta tambayoyi uku: me ya sa kake son fannin, yaya karatunka ya shirya ka, me ka yi a wajen makaranta. A ido abu ne mai sauƙi. Amma yaron da aka raina da cewa yabon kai jahilci, wanda ko sunan babansa aka kira sai ya sunkuyar da kai, shi ne za a ce ya zauna ya wasa kansa. Ka tambaye shi abin da ya yi a wajen makaranta, ya ce ba komai. Alhali ya haddace Alƙur'ani izu sittin, yana tsare shago a Kantin Kwari duk ranar Asabar, yana riƙe lissafin bashin 'yan sari a ka ba tare da littafi ba, shi ke kai kakarsa asibiti. A wurinsa wannan zaman gida ne kawai. Sai dillali ya karɓi kuɗi ya rubuta masa cewa tun yana cikin zanin goyo yake mafarkin zama injiniya. Kana karanta irin wannan dubu a rana, na tabbata kai ma ka gaji da jarirai masu mafarki.

Batun suna ba zan tsaya a kai ba. Muhammad ne a fasfo, Mohammed a WAEC, Muh'd a takardar haihuwa. Mutum ɗaya ne, ranka ya daɗe. Mun je kotu an yi rantsuwa.

Yanzu kuɗi. Ɗan gida a Ingila an ƙayyade abin da za a karɓa a hannunsa: fam 9,250 daga 2017, ya koma fam 9,535 a 2025. Baƙo ba shi da iyaka. Wata jami'ar ninki biyu, wata uku, likitanci kuwa sai dai a yi salati. Malami ɗaya, allo ɗaya, kujera iri ɗaya. A farkon Yunin 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati, a 2024 ya haura 2,000. Wato kwas na fam 20,000 ya tashi naira miliyan 40 a shekara, kafin yaro ya sa loma a baki. Shugabannin jami'o'inku da bakinsu suke faɗa cewa da kuɗin baƙi ake cike giɓin karatun 'yan gida da na bincike. Ashe mu da muke zaton alfarma muka zo nema, mu ne masu ɗaukar nauyin gidan.

Za ka ce sauran ba aikinka ba ne, na maƙwabcinka ne mai ba da biza. To ka isar masa, tunda katangarku ɗaya. Kuɗin biza, kuɗin asibiti fam 776 a kowace shekara wanda ake biyan na duka shekarun a dunƙule, gwajin tarin fuka a Abuja ko Legas, sannan shaidar kuɗin ci da sha: a Janairun 2025 an kai shi fam 1,483 a wata ga mai zama Landan, fam 1,136 ga na wajenta, har na wata tara. Kuma kuɗin su kwanta a banki kwana 28 a jere ba su motsa ba. Wanda ya tsara wannan bai taɓa zama da ɗan kasuwa ba. Kuɗin da suka yi kwana 28 a kwance, a Kwari sunansu asara. Abin da ya fi ci mini rai, asusun sai ya zama na yaron, ko na uwa, ko na uba, ko na wanda doka ta ba riƙo. Baffa ba ya cikin lissafi. Ni da na raɗa masa suna, na biya kuɗin makarantarsa tun daga rabin aji, a fom ɗinku ni ɗan kallo ne.

In ya shiga, aikin awa 20 a mako aka yarje masa lokacin karatu. In ya gama, shekara biyun da aka ba masu digiri su nemi aiki tun 2021, an sanar a 2025 za a rage ta zuwa wata 18.

Kada ka ce in abin bai yi mana ba mu zauna a gida. Ka san abin da ya koro mu. A 2022 malaman jami'o'inmu sun yi wata takwas suna yajin aiki, kuma kafin nan an yi na 2020 da ya fi shi tsawo. Digirin shekara huɗu kan ci shida, naka na uku kuwa uku ne. Wannan kalandar muke saye, kuma ka san da haka, shi ya sa ba ka ragi.

Roƙona ɗaya ne. A shafin farko, kafin hoton ciyawa, ka rubuta jimlar abin da yaro zai kashe daga kuɗin fom har ranar da zai sa hular kammalawa, da manyan lambobi, da shekarar share fage da kuɗin maƙwabcinka duk a ciki. Mai hali ya shigo da bismilla, marar hali ya kai ɗansa Bayero ko Zariya tun filinsa na hannunsa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Baffan wani mai neman gurbi,
Kano.