Yadda Ake Sa Rodi Ɗaya Ya Kai Tan Biliyan Goma

Ƙanena, tunda an sa maka Abaqus a kwamfuta kuma lokacin furojet ya ƙarato, matso in koya maka hanya mafi sauƙi ta shan kunya gaban malamai. Mu Katsinawa ma gadonta muka yi. Filinmu ƙafa 50 da 100, bulonmu inci tara, rodinmu milimita 12, siminti buhu mai kilo 50, yashi a tifa, kankare a kwanon sarki. Gida ɗaya, ma'auni shida, kuma gidan na nan tsaye, domin birkila yana da kai.

Ita manhaja ba ta da shi. Aikinta ta datsa ƙarfe ko gada gunduwa-gunduwa, dubbai, ta lissafa yadda kowace ke lanƙwasa, ta haɗa jimla. Amma Abaqus ba ta san mita ba, ba ta san inci ba, lamba kawai take haɗiya. Haka ma ANSYS ɗin nan da ake rubuta wa umarni da hannu. Mai awo a kasuwa, in ka ce "auno mini gero biyar", sai ya ɗago kai ya ce, "Tiya ko mudu?" Ita ba ruwanta. Hasumiyar Gobarau da ake cewa ƙafa 50 ce, rubuta mata 50 a tsarin milimita, ga hasumiya ta koma santimita biyar, ka jefa ta aljihu ka tafi Ƙofar Soro shan iska.

To, ja zanenka a milimita kamar kowa. Sannan ka buɗe littafi ka kwafo nauyin ƙarfe, 7850. Kada idonka ya kai ga abin da ke gaban lambar, wai kilo ne a kowace kubik mita. Masu tsoron kunya sun san cewa in tsawo milimita ne, ƙarfi kuma niyuton, to dole nauyi ya zama tan, domin tan ɗaya a saurin da ke ƙaruwa da milimita ɗaya cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa shi ne niyuton ɗaya cif. Shi ya sa suke rubuta 7.85e-9, wata 'yar lamba kamar ƙwayar gero. Kai zuba 7850 ɗinka. Ka ninka nauyi sau tiriliyan ɗaya ke nan. Rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, wanda yaron shago ke jansa da hannu ɗaya don bai cika kilo 11 ba, ya haura tan biliyan goma.

Daɗin abin, asiri ba ya tonuwa da wuri. Muddin kayan da ka ɗora wa ƙarfen kawai ake lissafawa, ba ka kunna jan ƙasa ba, manhaja ba ta ko leƙa wannan lamba. Sai ranar da aka ce a gwada girgiza. Ƙarfen da ya kamata ya karkaɗa sau goma a daƙiƙa, sai ya yi fiye da kwana guda bai gama kaɗawa ɗaya ba. In kuwa za ka kunna jan ƙasar, sa 9.81 maimakon 9810, kuskure ya rage wa kuskure zafi.

In kana son yabo, akwai wata dabarar. Taurin ƙarfe a wannan tsari 210000 ne. Kai rubuta 210 da sifiri tara, irin na masu aiki da mita. Nan take ƙarfenka ya ninka tauri sau miliyan, ko tirela goma ka ɗora masa ba zai rusuna ba. Launi kuma zai fito tsaf, ja a tsakiya, shuɗi a gefe, domin manhaja kan raba launinta ne tsakanin babbar lamba da ƙarama, ko wace iri ce. Buga shi mai kala a shagon fotokofi.

Kada ka ji ka kaɗaita. A Satumbar 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda manhajar kamfanin Lockheed Martin tana ba da ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, masu tuƙi kuwa suna karantawa a niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne kacal. Kumbo ya yi ƙasa da yawa cikin iskar Mars, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ka ga su ninki huɗu da ɗoriya suka iya, kai tiriliyan ka yi.

Abu ɗaya zai iya ɓata maka shiri: biro da takarda. Kada ka kuskura ka tambayi manhaja jimlar nauyin abin da ka zana ka gwada da lissafin kanka, ko ka tara ƙarfin da ginshiƙai suka tokare da shi ka ga ko ya yi daidai da kayan da ka ɗora. Minti biyar ne, kuma zai rushe maka aikin wata uku.

Ranar kare furojet, wani malami mai tabarau zai ɗora yatsa kan 0.000003 ya ce, "Wannan lanƙwasar, da wane ma'auni?" Gyara hularka, ka dube shi ido cikin ido, ka ce, "Malam, haka kwamfuta ta bayar."