Masu Sauya Tab: Kowa da Hujjarsa

A watan Mayun 2024 kamfanin Apple ya fito da iPad Pro mai ƙwaƙwalwar M4, mai inci 11 a kan dala 999, mai inci 13 a kan dala 1,299. Wannan kuɗin allon ne tsurarsa. Alƙalaminsa dala 129 ne, madannin rubutun babban kuma dala 349. Wanda ya haɗa babban da kayansa ya doshi dala 1,800, wato sama da naira miliyan biyu da rabi a canjin da ya yi ta yawo wajen naira 1,500 kan dala ɗaya. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya shekara uku da ɗoriya bai ci ba bai sha ba kafin ya tara su. Duk da haka ana saye, wasu ma suna ajiye tab mai lafiya su ɗauko sabo. Abin da nake gani shi ne ƙarfin waɗannan na'urori ya daɗe da zarce aikin da yawancin mutane ke ba su, don haka mai son sanin ko sauyin ya dace, masu sauyawar ya kamata ya ƙare wa kallo.

Na gaba-gaba shi ne mahaddacin lambobi. Ko cikin barci aka tashe shi zai faɗa maka kaurin babban milimita 5.1 ne, allonsa OLED ne mai ruɓi biyu, yana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa. Duk gaskiya ne. Amma tambaye shi me zai yi da shi, sai ya fara kame-kame. Babban aikinsa kallon bidiyon masu gwada tab a YouTube, kuma a tsohon nasa yake kallon yadda ake yabon sabon, tsohon nan kuwa bai taɓa yi masa gardama ba. Abin da ba ya son a tuna masa shi ne manhajoji ba sa gudu irin na ƙarfe. An fara sayar da iPad a 2010, amma sai a 2024 Apple ya ga damar sa masa manhajar lissafi tasa, WhatsApp kuwa sai a 2025 ya iso. M4 irin ƙwaƙwalwar da aka sa wa MacBook ce, ga ta a hannun mutumin da iyakar wahalar da zai ba ta ita ce buɗe takardar gayyatar walima.

Wanda ya fi ban tausayi, ya kuma fi yawa, shi ne mai tuban gobe. Shi mutumin da yake burin zama yake saye. Da zarar alƙalamin nan ya shigo hannunsa zai koyi zane, zai rubuta littafin da ke ransa tun yana jami'a, zai gyara haddarsa, zai ma taɓa Faransanci. Daren farko ya zana kofin shayi, ya gwada sa hannunsa kala-kala, ya rubuta sunan matarsa da jan launi ya nuna mata. Kafin wata ya ƙare alƙalamin ya shige ƙarƙashin kujera, tab ɗin ya koma talabijin na kan gado. Kamfanoni sun san shi sarai, don shi ake shirya talla. Tallan da Apple ya yi wa wannan iPad ɗin ya nuna wani injin matsa yana murƙushe fiyano da gwangwanayen fenti da kyamarori da littattafai, da ya ɗaga sai ga siririn allo a wurinsu. Masu fasaha suka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri, amma saƙon ya riga ya isa kunnen mai tuban gobe: basira tana cikin kwali, biya kawai za ka yi. Da zai yarda ya sayi biro da littafin rubutu ya yi wata guda yana zane kullum, da ya gane ko na'ura ce ta tsare masa hanya ko kuwa kasala.

Akwai kuma ɗan rakiyar manya, wanda ba ya shiga taro sai da tab a hammata. Ba ya rubuta komai a ciki, sai dai ya riƙa shafa allon yana gyaɗa kai idan mai gida na jawabi. A wurin ɗaurin aure shi ne zai ɗaga Galaxy Tab Ultra mai inci 14.6 kamar faifai ya tare wa sahu biyu gani, alhali kyamarar wayar da ke aljihunsa ta fi ta tab ɗin kyau. A yi masa adalci, shi kaɗai ne a cikinsu yake samun abin da ya biya, don kwarjini ya saya kuma ana kallonsa. Matsalarsa ɗaya ce: da zarar an sa na'urar a rigar fata, babu mai iya bambance ta 2021 da ta 2024 daga nesa, sai ya koma yana sanar da mutane da bakinsa. Shi kuwa maigidan da ya ce "don karatun yara" ya saya, ba sai an daɗe a kansa ba. Babban yaron shekararsa huɗu, karatun zanen barkwanci ne, kuma ƙarshen zancen a teburin mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano ake yinsa, inda kuɗin canza gilashi zai sa Alhaji ya nemi kujera. iPad mai araha na dala 349 zai nuna wa yaron zanen nan daidai, zai kuma fashe daidai.

Kada masu ƙin saye su ɗauka sun tsira. A cikinsu akwai mai jiran na baɗi, wanda kullum ya ji ƙishin-ƙishin wani na tafe, ya fi kowa sanin farashi amma bai taɓa ciro ko sisi ba. Akwai kuma mai riƙon gawa, wanda tab ɗinsa ba ya rabuwa da caja, in an ɗauke wuta ya mutu tare da fanka. Apple da kansa ya ce an ƙera batirin iPad ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 1,000, nasa kuwa ya wuce nan tun tuni. Kamfani ya daina turo masa gyaran tsaro, manhajar banki ta daina buɗewa, shi kuwa yana alfahari cewa na da ya fi ƙarko. Wannan kam ya kamata ya sauya, sai dai ko shi matsakaici ya ishe shi.

Za a ce ai sayen nagari mayar da kuɗi gida. Na yarda, kuma tab mai tsada yakan daɗe yana samun sabuntawa fiye da na araha. Amma karin maganar mai saye na farko take karewa. Wanda ya sayi nagari shekara uku da suka wuce, yanzu ne kuɗinsa ke kan hanyar dawowa gida, in ya sauya shi ya tare su a hanya. Batiri kuma tsufa yake ko an mori ƙarfin ƙwaƙwalwar ko ba a mora ba. Za a kuma ce kuɗin mutum ne, sha'awa ma dalili ce. Wannan ba ni da ja a kai, allon OLED da daɗin kallo, mai hali ya more. Roƙona kawai ya ce sha'awa ce, ya bar ɗora wa aikin ofis da yara laifi.

Saura mutum ɗaya, wanda ba a cika jin muryarsa a muhawarar ba saboda yana bakin aiki: mai zane a Procreate, mai tsara taswirar gini, mai tace bidiyo tun da Final Cut Pro ya zo kan iPad a 2023. Shi yana ganin bambancin a launin da zai miƙa wa mai aiki da mintunan da yake jira kafin bidiyo ya kammala, lissafinsa kuma gajere ne: ayyuka nawa za su biya na'urar? Sau da yawa lissafin yakan nuna masa cewa batirin sola ya fi gaggawa, sai ya ɗan dakata. Bayan wasu watanni mai tuban gobe zai gaji da ganin abin da ke tuna masa alkawuransa, ya kai shi kasuwa da kwalinsa da ledarsa a farashin na hannu, wani lokacin har da alƙalamin in an dace an share ƙarƙashin kujera.